Na tsinci shamuwa da karyayyen fiffike, ya zan yi kada ta mutu a hannuna?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Dakta, barka da aiki, ya damina? Ni malamin lakwal ne a nan Zinder, Garin Malam nake zaune. Daren shekaranjiya aka yi iskar nan kafin ruwa ya sauko, da asuba ina dawowa daga masallaci na tarar da yara sun zagaye wata shamuwa ƙarƙashin wayar kuran suna tsokanarta da kara, fiffikenta na hagu yana jan ƙasa ta kasa tashi. Na kore su na ɗauko ta na sa a zaure. Na zuba mata gero ta ƙi ci, ruwa ma sai da na buɗe bakin na ɗura mata da cokali. Maƙwabcina yace in jiƙa maganin ciwon jiki in ba ta, in kira mai ɗori ya ɗaure fiffiken da kara kamar ƙafar akuya. Abinda ya tada min hankali, bara na sayi ɗan barewa a hannun wani a hanyar Tanut saboda tausayi kawai, na dinga ba shi madarar gari, kwana biyar zawo ya kashe shi, har yau abin yana raina. Dan Allah Dakta ya zan yi da wannan? Kuma tsakani da Allah irin wannan ceton yana da amfani ko wahalar da su kawai muke?

AMSA

Wa alaikumus salam Malam, damina alhamdulillah. Allah ya saka maka da alheri da ka ƙwace ta a hannun yara, da ka bar ta zuwa hantsi da wani zancen ake yi.

Kafin komai, dan Allah ajiye cokalin nan yanzu yanzu, kada ka ƙara ɗura mata ruwa. In ka buɗe bakin tsuntsu ka duba gindin harshe za ka ga wata ƴar ƙofa tana buɗewa tana rufewa, to nan ne hanyar numfashi, ita ce a gaba, hanyar abinci tana bayanta, duk ruwan da ka kwara shi zai fara tararwa, kuma tsuntsu ba ya iya tari ya fitar da shi yadda ni da kai muke yi, sai ruwan ya sauka huhu, bayan kwana biyu ka ji tana numfashi da ƙara kamar ana busa cikin ruwa, ka wayi gari ta mutu kai kuma ka ɗauka karayar ce ta kashe ta. Wallahi tsuntsayen da na gani sun mutu ta wannan hanyar sun fi waɗanda raunin kansa ya kashe, kuma duk mutanen kirki ne suka yi, da zuciya ɗaya. Ka zuba ruwa a roba mai faɗi ka ajiye gabanta, in tana iya tsayuwa tana riƙe kanta za ta sha da kanta lokacin da ba ka wurin.

Zauren ma ba wurinta ba ne. Kai kana ganin kana lallashinta, ita kuwa a ganinta wani ƙaton abu mai cin nama ya kama ta, kowane mai shigowa da fita, kowane yaro da ya leƙo, kowane hoto da aka ɗauka da waya, tsoro ne sabo. Tsoro kaɗai yana kashe naman daji. Ka samo mata ɗaki ko lungu mai duhu duhu da iska ke shiga, ko babban kwali irin na firigo ka huda shi, wanda za ta iya miƙewa tsaye a ciki don shamuwa doguwa ce, in aka naɗe mata ƙafafu aka bar ta haka na awanni sai su sage ta kasa tashi. Ka shimfiɗa tsohon buhu ko ka zuba yashi don siminti yana zame mata. Nesa da kaji, nesa da mage, nesa da hayaƙin murhu. Mutum ɗaya ke shiga, shi ma sau biyu ko uku a yini.

In za ka kama ta ka yafa mata zani a kai tukuna, da ta daina gani za ta lafa. Hannu ɗaya ya riƙe baki, ɗayan ya haɗa fikafikan da jikinta, amma kada ka toshe hancin, kada kuma ka matse ƙirjin domin da motsin ƙirji tsuntsu yake numfashi. Ka janye fuskarka, masu dogon baki irin su shamuwa da zalɓe ido suke nufa, zalɓe ma ya fi. In shaho ne ko shirwa ko mujiya to farata ne abin tsoro, ƙafafun ake fara riƙewa.

Sai maganar fiffiken, a nan ne sa'arta take. Ba duk karaya ce iri ɗaya ba. Fiffiken tsuntsu kamar hannunka yake, akwai ƙashin dantse guda ɗaya kusa da jiki, sai ƙasusuwa biyu a jere tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, sai ƙananan na ƙarshe. In ɗaya daga cikin biyun nan ne ya karye a tsakiya, ɗan'uwansa yana nan lafiya kuma fata ba ta yage ba, to wannan ita ce karayar da muke so mu gani, domin lafiyayyen ƙashin shi ne karan ɗorin, ɗauri kawai ake yi mai siffar lamba 8 a naɗe fiffiken yadda take naɗe shi in tana hutawa, sati biyu zuwa uku ya kama. In kuwa a kan gaɓa ne, gwiwa ko wuyan hannu, ko da ya warke gaɓar takan sandare, za ta rayu amma tashi sai dai a tuna. Mafi muni ƙashin dantse ya karye ya huda fata ya fito, shi wannan ƙashin rami ne a cikinsa yana haɗe da jakunkunan iska na numfashi, datti in ya shiga ta nan har cikin jiki yake wucewa, ga ƙudan damina, kwana ɗaya sun yi ƙwai, kwana biyu tsutsa.

Ka hura gashin wurin a hankali ka duba fatar. In ka ga ta yi kore kada ka firgita ka ce ruɓa ce, haka kwanciyar jini take komawa a jikin tsuntsu bayan kwana biyu ko uku, mu ma da shi muke gane raunin ba na yau ba ne. Tunda kuma ƙarƙashin waya aka same ta, ka duba ƙafafu da ƙarshen fiffike ka shinshina, in akwai ƙaurin gashi ko wani ɗan baƙin tabo to ba karo kawai ta yi da wayar ba, kuran ya ratsa ta. Wannan ne mai cin rai, don ranar farko sai ka ga tsuntsu garau har da cin abinci, a hankali wurin da wutar ta bi ya yi sanyi, ya bushe, ya mutu. Na taɓa jinyar wata shirwa kwana shida ina murna, ran na bakwai na taɓa ƙafar na ji ta sanyi ƙalau kamar icce.

Lokaci yana gudu Malam. Ƙashin tsuntsu ya fi na akuya saurin kamawa, yau kwana biyu kenan, in aka kai sati a karkace to a karkacen zai fara haɗewa. Gobe da safe ka kai ta wurin likitan dabbobi ko ka roƙe shi ya zo gida, in ɗauka za ka yi a cikin kwali, kada ka rungumo ta a kan kabu-kabu kanta a waje. Ban raina masu ɗorinmu ba, na ga aikinsu a ƙafar rago na jinjina, amma ƙashin tsuntsu siriri ne kamar karan alkama, kara da tsumma in aka tamke su sai jini ya tsaya fiffiken ya mutu, garin neman gira a rasa ido. Ɗaurin likita ma ba a barinsa ya wuce lokacinsa, ana kwancewa ana motsa gaɓar a hankali ana mayarwa.

Maganin maƙwabcinka kuwa a'a, ko ƙwaya ɗaya. Shamuwa kilo ɗaya ce da ɗan wani abu, ƙwayar da aka yi wa mutum mai kilo 60 ai guba ce a wurinta. Wasu ma ko kaɗan ne suna kashewa. Diklofenak, maganin ciwon jikin nan da ake sayarwa ko'ina, a Indiya shanu aka riƙa yi wa allurarsa, in saniya ta mutu ungulaye su ci mushen ƙodarsu ta lalace, cikin shekaru kaɗan fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu nau'o'in ungulu suka ƙare, sai a 2006 aka hana ba dabbobi shi. Akwai maganin zafi da tsuntsu ke ɗauka, meloksikam, amma likita ne zai auna ta ya ƙiyasta. Kada ka zuba man juye, ko toka, ko garin kafso a ciwo. Ruwan da aka tafasa ya huce da ɗan gishiri kaɗan ya isa wanki, sai betadin da aka sirka da ruwa.

Gero kuma ba ƙinsa ta yi don ciwo ba, ba abincinta ba ne. Ka lura da su a gona bayan ruwa, fara suke tsinta, da tsutsa, da kwaɗi, da ƙadangaru, shi yasa manomi na gaske ba ya son a taɓa ta. Ka sa yaran nan da suka tsokane ta su kamo mata ɗanyar fara, kaga sun koma masu jinya kenan, amma banda soyayyar kasuwa mai gishiri da yaji, banda kuma farar gonar da aka yi wa feshi. Ƙananan kifi ɗanye ma tana so, ka saka su cikin robar ruwan ta tsinta da kanta. Ka riƙa shafa ƙashin ƙirjinta kamar in za ka sayi kaza, in tsoka ta rufe shi lafiya, in ya fito kamar wuƙa tana ramewa.

Mu dawo kan ɗan barewarka, Allah ya sa ka daina ɗora wa kanka, niyyarka mai kyau ce, amma gara ka san abinda ya faru. Madarar gari da ta saniya ba su dace da cikinsa ba, ta akuya ce ta fi kusa, da ɗumi, kaɗan kaɗan sau da yawa, yana tsaye kansa a miƙe kamar yana tsotson uwa, kuma in bai samu daƙashin uwarsa ba a kwanakin farko to da wuya ya tsallake zawo ko a hannun wa yake. Sai dai abin ya lalace tun kafin ya zo hannunka. Barewa ɓoye ɗanta take yi cikin ciyawa ta yi nisa don kada ta jawo masa dila, ta dawo ta shayar da shi ta sake tafiya, makiyayi ya gan shi kwance shiru shi kaɗai sai ya ce maraya ne, alhali uwar tana can tana kallo. Wani kuma uwar ya harbe da gangan don ya samu ɗan. Kuɗin da ka ba shi saboda tausayi shi ya koya masa cewa akwai kasuwa, wani satin zai koma. Na san yana da ciwo mutum ya ga ɗan yanyawa ko kunkuru ɗaure da igiya a rana ya wuce bai saya ba, amma kiran ma'aikatan gandun daji ya fi sayen amfani. Muna da doka tun 1998, mai lamba 98-07, kan farauta da kare namun daji, kamawa da sayarwa da ajiyewa a gida duk ba a yinsu da ka. Ita ma shamuwar ka je ofishinsu ka faɗa musu tana wurinka jinya, hankalinka zai fi kwanciya.

Manyan barewa kuma wata matsalar ce daban. An taɓa kawo min wata da samari suka kora da moto har ta faɗi, daga baya ɗayansu ya ji tausayi ya hana a yanka. Na duba ta tun daga kai har kofato babu ƙwarzane ko ɗaya, amma tana rawar jiki, wuyanta ya sandare, da ta yi fitsari na gan shi baƙi baƙi kamar shayin da ya daɗe a wuta, nan jikina ya yi sanyi. Gudu da tsoro sun narkar da tsokarta, abinda ya fito daga tsokar ya toshe ƙoda. Mun sa mata ruwa, mun rufe mata ido, mun ba ta inuwa da shiru, ran na uku ta mutu. Yaron yana ta tambayata ina ciwon yake, na rasa abinda zan nuna masa.

Ƴaƴan tsuntsaye ma haka, yawancin waɗanda ake kawo min ba marayu ba ne. Wanda gashinsa ya fito yana tsalle tsalle a ƙasa koyon tashi yake, iyayen suna kusa, ka ɗora shi a reshe ka kori mage shikenan. Wanda bai yi gashi ba ka mayar da shi sheƙa, zancen wai uwa tana ƙin ɗanta in ɗan Adam ya taɓa shi ba gaskiya ba ne, sau nawa na mayar na tsaya daga nesa na ga uwar ta sauko da abinci a baki. Ai ya zo a hadisi, sahabbai sun ɗauki ƴaƴan wata tsuntsuwa biyu a hanyar tafiya, ta zo tana ta kaɗa fikafikai a kansu, Manzon Allah (SAW) ya tambayi wanda ya tada mata hankali ya ce a mayar mata da ƴaƴanta. Wanda ya zama dole a rene shi kuma akwai tarko biyu. Ɗan shaho ko mujiya in tsoka zalla aka ba shi ƙasusuwansa sukan yi laushi su lanƙwashe, sai an ba shi ɓera ko ɗan tsako da ƙashi da gashi gaba ɗaya, amma kada ɓeran da ya ci guba. Na biyu shi ne sabo, kuma sabo turken wawa, tsuntsun da ya buɗe ido ya ga fuskarka kullum tana kawo abinci ba zai san shi tsuntsu ne ba, ran da ka sake shi kan mutum na farko da ya gani zai sauka, in mujiya ce kuwa ka san abinda mutanenmu za su yi mata. Namijin barewa da aka rena a tsakar gida yana girma tsoron mutum ya fita daga ransa, ƙahon kuma yana nan, ga yara suna wasa.

Ka kula da kanka da iyalinka ma. A 2006 murar tsuntsaye ta fara ɓulla a ƙasar nan kuma a Magariya ne, nan jiharmu. Shamuwarka dai an ga dalilin faɗuwarta, amma duk tsuntsun da ka gani babu rauni yana juya wuya yana layi, ko ka ga matattu da yawa wuri ɗaya a bakin tabki irin su Gidimuni, kada ka taɓa, ka sanar da ma'aikatar kiwo. Ka wanke hannu da sabulu duk shigar da ka yi. Dila ko yanyawa ko jemage da ya tsaya ka kama shi salin alin shi ma abin tsoro ne, lafiyayye gudu yake, in ya cije ka ko ya yakushe ka ka wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15 ka wuce likita a ranar saboda ciwon haukan kare, shi in alamunsa suka fito babu magani.

Ka tambaye ni tsakani da Allah, to ga amsa tsakani da Allah. Da yawa suna mutuwa, ko a hannunmu da muka karanta abin, domin naman daji ɓoye ciwonsa yake yi, kafin ya yarda hannu ya kai gare shi ya riga ya yi nisa. Akwai kuma waɗanda ba su mutu ba amma ba za su koma daji ba har abada, su ne masu hana ni barci, tsuntsun da yake ƙetare ƙasashe ya ƙare rayuwarsa a lungun ɗaki da fiffike ɗaya, wani lokaci in ciwon ba mai warkewa ba ne kuma yana cikin azaba, sauƙaƙa masa shi ne jinƙan da ya rage, kuma ba a taɓa sabawa da wannan ranar. Amma ban yarda a ce wahalar banza ba ce. Ungulun da muka tashi muna gani cike da mahauta yau sai ka yi kwanaki ba ka ga ko ɗaya ba, tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa a duniya, guba da masu sayen kanta don tsibbu sun gama da ita, kuma ƙwai ɗaya tak take yi, irin wannan ko guda ka tsirar ka yi aiki. Dubi jimina, sai da ta ɓace a dajinmu, yanzu a Kelle can wajen Gure ake kiwon mai jan wuya cikin shinge ana lallaɓa kowane ƙwai don a samu a mayar da irinta. Termit da Tin Tumma ma sai a 2012 aka killace su don kare namun daji, bayan abubuwa da yawa sun riga sun tafi.

Ita shamuwarka tana da abu ɗaya a gefenta, farkon damina ne. Shamuwoyi ba sa barinmu sai ruwa ya ɗauke, wajen watan 10, su nufi kudancin Afirka, kaga akwai wata uku ko fiye. In likita ya ce karayar mai kamawa ce, sati uku na ɗauri, sannan wasu satuttuka a fili mai faɗi da aka kewaye da zana, banda waya mai ƙaya ko raga mai karya gashi, ta riƙa buɗe fiffiken tana motsa shi. Kada ka yi gaggawar saki don ta fara tsalle, sai ka ga fikafikan biyu sun daidaita in ta naɗe su, ta tashi daga ƙasa ta hau katanga ba tare da ta karkata gefe ɗaya ba, kuma ba ta haki bayan ta sauka. Ran sakin ka kai ta kusa da inda aka tsince ta amma nesa da wayar, da sassafe, lokacin da ƴan'uwanta ke kiwo a gona, kada ka jefa ta sama, ka buɗe kwalin ka ja da baya ku yi shiru. Ta ƙarshe da na saka sai da ta yi kusan minti goma tsaye tana gyara gashinta ɗaya bayan ɗaya kamar ba ta san ƙofa a buɗe take ba, ta tsinci fara biyu, sannan ta ɗan ruga taku uku ta ɗaga. Ka tafi da yaran nan ranar, su tsaya bayanka su gani. In likitan ya duba ta gobe ka rubuto min a kan wane ƙashi karayar take, da ko kun ji ƙaurin wuta a gashin.